Ko Ƙwarzane Babu

Abdurrazak maƙwabcina ne a nan Filinge. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma dangar ta karan gero ce, saboda haka kada wani ya tambaye ni inda na ji abin da zan faɗa.

Sana'arsa ginar rijiya. Yana aiki da wani kamfani mai gina rijiyoyin siminti a ƙauyukan Kurfai, yau suna wajen Damana, gobe wajen Bonkuku. A aikin nasu akwai na sama, akwai na ƙasa. Na sama su ne masu kwaɓa siminti, masu zuba zobban da ake jerawa cikin rami, masu juya kurar da igiya ke bi. Na ƙasa kuwa mutum ɗaya ne. Shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi, ya yi ta gina yana cika guga ana ja. Abdurrazak shi ne na ƙasa tun kafin ya yi aure, kuma ban taɓa jin ya yi zancen abin ba, sai dai ya ce can ƙasa ya fi sanyi.

Da bazarar bara, a wani ƙauye bayan Tabla, sun kusa ruwa ke nan sai jiƙaƙƙen rairayi ya ɓalle daga gefe, ƙarƙashin zoben ƙarshe, ya rufe shi har haɓa. Tun hantsi yake ciki har bayan la'asar. Abokan aikinsa suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya suna kwashe rairayin da kwanon cin abinci, don shebur zai yanke shi. Da suka fito da shi aka sa shi a mota sai gidan likita. Aka latsa nan, aka latsa can, aka ɗauki hoton ƙashi. Ko ƙwarzane babu. Likitan ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ƙasa ta haɗiye ta mayar da shi da kyau haka ba.

Aka yi ta zuwa barka da arziki. Wansa Mamman, dillalin awaki ne a kasuwar Lahadi, shi ya zauna a ƙofar gida yana karɓar baƙi yana ba da labari, ko da yake ranar da abin ya faru yana Filinge yana cinikin wani bunsuru. Duk baƙon da ya zo, sai rijiyar ta ƙara zurfi. Daga nan ya gangaro kan kakansu, wanda aka ce kibiya ta same shi a cinya yana shan fura, ya ƙarasa furar tukuna ya cire ta.

“Gidan ga ba a taɓa haihuwar matsoraci ba,” in ji Mamman. “In ma an haihe shi, ba a yi mishi suna ba.”

Cikin masu zuwa barka har da Balkisa, ɗiyar kawunsu, taubashiyarsu ke nan, mai tuyar farimasa, irin fankenmu na nan, da sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a tasha. Ita da Abdurrazak tun suna yara ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba. Gahiya take ce masa, gafiya ke nan, saboda shiga rami. Shi kuma ya ce mata uwar duwatsu, wai farimasarta in ta faɗo wa mutum a ƙafa sai an ɗaure. Ranar ta shigo tsakar gida cike da mutane, ko zama ba ta yi ba ta ce:

“Gahiya, ashe ƙasa ta ɗanɗana ka taj ji ba gishiri tat tofar?”

Kowa ya yi dariya, aka juya ana jiran ramuwa. Abdurrazak ya ɗaga kai ya ce, “Na gode, Balki.”

Ta tsaya da baki buɗe. Ni na ga mata da yawa an zage su a gaban jama'a, amma ban taɓa ganin wadda fuskarta ta sake kamar ta Balkisa da aka yi mata godiya ba.

Kamfanin ya kai rahoton haɗarin ofishin da ke biyan diyyar ma'aikata, wanda su ke ce wa kes. Kes ta biya magani, ta biya kwanakin hutu, takardar likita ta ce jiki ya warke. Damina ta shigo, aikin rijiya ya tsaya da ma, kowa ya nufi gona. A nan ne muka fara ganin abubuwa, mu masu danga ta kara.

Da fari dai rumbu. Rumbunsu na laka ne, ta bisa ake shiga, kuma shi ne mai shiga ya miƙo dami. Sai ga matarsa Basiratu tana ɗaure zane tana hawa tsani, shi yana ƙasa yana riƙe mata, fuskarsa na kallon gidanmu. Sannan randa: ba ya ɗiban ruwa da kansa, sai a zuba masa a moɗa a kawo. Ya fitar da gadonsa ƙarƙashin rumfa, ana ruwa ana iska yana nan. Rigunansa duk aka tsaga wuyansu har ciki aka sa maɓalli, don kada ya zura kai. A masallaci ya koma ƙarshen sahu, bakin ƙofa, wajen takalma. In aka yi mutuwa a unguwa, da shi ne mai shiga kabari ya karɓi gawa. Yanzu mijin Balkisa ya ce can nesa yake tsayawa gindin aduwa, in an fara tura ƙasa sai a neme shi a rasa.

Kowa ya gani, ba wanda ya ce komai. Haka ake zaman unguwa. Balkisa kaɗai ke magana, ita ma da sunan wasa, duk lokacin da ta biyo. Shi kuwa sai ya ce mata sannu da aiki.

Da aka gama yankan gero, sai ga shef ɗin shantiyensu, wato mai kula da wurin aikin, Nasiru, bisa babur. Mutum ne mai hankali, ba ya son doguwar magana. Suka zauna kan tabarma jikin dangata, ina tankaɗe. Ya ce aiki zai tashi wajen Damana ranar Litinin, kashegarin kasuwa. Yana cikin magana ya ajiye ɗamarar igiyar a kan tabarma, sabuwa. Abdurrazak ya dube ta, ya sa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu.

Nasiru ya gani. Ya ɗauke ɗamarar ya mayar cikin jaka.

“Saurara, Razak. Na sake tura dosiyenka, takardun haɗarin. Kes tana da wata likita a Yamai mai duba ciwon da hoto bai nunawa, ran Lahadi za ta zo har gida. In ta rubuta haɗarin ga ya bar maka wani abu, za su ci gaba da biyanka, su yi maka magani, patoro mai kamfani kuma ya yarda in maishe ka aikin sama. In ta rubuta lahiya lau, to takardar aikinka ta ce kai na ƙasa na. Litinin ka sauka. In ba ka sauka ba, dole in ɗauki wani, kai kuma a ce kai kab bar aiki da kanka, ba ko dala. Ka gane?”

“Na gane, shef.”

“Ka gaya mata gaskiya.”

“To.”

Mamman bai ji wannan zance duka ba. Abin da ya kai kunnensa kalma biyu ne, diyya da likitar Yamai, sauran ya cika da kansa. Da yamma ya tara gidan, wato Abdurrazak da Basiratu, ya yi musu bayani. Ya ce shi ya san gwamnati. Gwamnati ba ta ba rago kuɗi. In ka kai akuya kasuwa, kana cewa tana tari? Likitar za ta zo ta ga ko mutumin ya cancanta, saboda haka kowa ya gyara bakinsa, diyyar jarumi daban take da ta matsoraci. Ya ce kuma an yi sa'a Lahadi ce, Balkisa na tasha da cinikin ranar kasuwa, kada wanda ya gaya mata, don bakinta ba shi da murfi.

Abdurrazak ya san ba haka abin yake ba. Amma kafin ya gyara wa wansa magana, dole sai ya faɗi da bakinsa wanne ne shi cikin biyun, jarumin ko ɗayan. Ya bar shi a haka. Basiratu ita ma na tabbata ta gane, yarinya ce mai kai. Sai dai ranar da aka kawo ta gidan nan abin da tsofaffi suka yi ta nanata mata ke nan, ki rufa wa mijinki asiri, kuma ba wanda ya ce mata ban da ranar da likita ta zo.

Ran Lahadi Mamman bai je kasuwa ba. Dillali ya bar kasuwar Lahadi, ku auna girman abin. Ya sa babbar riga, ya aiko aka ari kujerata ta ƙarfe. Ni kuma na ga rana ce mai kyau ta tsintar wake jikin danga.

Likitar ta iso da hantsi, motar ta sauke ta ta wuce. Sunanta Madam Lailatu, ƴar siririya mai tabarau, da jaka a kafaɗa. Ta gaida kowa, ta zauna kan tabarma. Kujerata ta wuni ba wanda ya hau ta.

“Malam Abdurrazak, ƙaƙa jiki?”

“Lahiya lau.”

“Barci fa?”

“Alhamdu lillahi.”

“Kana mafarkin abin da ya faru?”

“Mu gidanmu ba mu mafarki, madam,” in ji Mamman. “Kwana mukai mu tashi.”

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce tana son ganin mai jikin shi kaɗai. Mamman ya ce ai ba komai, ya ja baya kamar tsawon tabarma, ya juyo da kunnensa mai ji. Sai ta ce wa Abdurrazak su shiga zaure. Ya dubi ƙofar zauren, ciki da duhu, ya ce nan waje ya fi iska. Suka koma gindin rumbu, ta yi ta tambaya ƙasa-ƙasa. Ban ji tambayoyin ba, amma amsoshin na ji su, don iri ɗaya ne. Lahiya lau. Ba komi. Da godiya.

Ta dawo ta kira Basiratu.

“Wancan gadon na ƙarƙashin rumfa, na wane ne?”

“Nashi na.”

“Me ya sa yake kwana waje?”

“Zahi.”

“Har da damina?”

“Shi mutum na mai jin zahi.”

“Wuyan rigarsa fa, wa ya tsaga?”

“Tela yaɓ ɓata.”

Madam Lailatu ta dubi igiyar shanya, riguna na rataye, kowace da tsagarta. “Duka?”

“Telan bai iya ba,” in ji Basiratu, idonta a ƙasa.

Sai Mamman ya gyara riga ya ba da tasa shaidar. Ya ce ƙanensa da aka fito da shi daga rijiya, abin da ya fara tambaya shi ne ina shebur ɗinsa. Ya ce tun daga ranar ma ƙarfi ya ƙaru masa. Ya ce in da za a bar shi, yau ɗin nan zai koma. Ya kawo kakansu da kibiya da fura. Likitar ta saurara har ƙarshe, mace mai ladabi.

Da ya gama ta ajiye biro a kan takarda, ta juya wajen Abdurrazak.

“Malam, bari in faɗa a fili. Idona ya ga wasu abubuwa a gidan nan. Amma ba ni iya rubuta ciwon da mai jiki ya ce babu, matarsa ta ce babu, wansa ya ce babu. In na rufe takardar nan yadda take, lafiya lau za ta ce. Gobe rijiya.”

“Madalla,” in ji Mamman. “A ƙara da cewa jarumi na.”

Abdurrazak na zaune kan hannuwansa. Na ajiye wake ina jira. Ya buɗe baki, ya dubi wansa da babbar riga, ya rufe. Likitar ta jira shi iyakar abin da baƙo ke iya jira, sannan ta fara neman marfin biro cikin jaka.

Ana haka sai muka ji sallama, irin wadda ba ta jiran amsa. Balkisa ce da tire a kai. Ashe direban likitar ya tsaya tasha sayen farimasa, ta tambaye shi daga ina, ya ce ya kawo madam gidan wani mai ginar rijiya. Ta bar wa maƙwabciyarta kaskon ta taho.

Mamman ya miƙe. “Balkisa, muna da baƙuwa.”

“Na gani, dillalin gurguwar akuya. Wa yaɗ ɗaura maka babbar riga, suna akai?” Ta sauke tire, ta durƙusa ta gaida likitar da kyau, sannan ta nuna Abdurrazak da haɓa. “Madam, wanga kinka zo dubawa tun daga Yamai? Kin ɓata mai. Ni in gaya miki kyauta. Gahiya ta da ta ji tsoron rami.”

“Balkisa!”

“Bari in gama, ba da kai nike ba. Madam, namiji na da matatai ka hawa rumbu shina riƙon tsani. Randar ruwa in ya gan ta sai shi kewaye, kamar mai bin shi bashi. Riga ba ya sa ta sai an yi mata ƙoha. Masallaci kuwa an naɗa shi sarkin takalma. Rannan anka yi jana'iza, ana tura ƙasa, mijina ya juya, sai ƙurar Gahiya ya gani ta nuhi gari. Ran da anka yi ruwan farko, da ƙasa tat tashi da ƙamshi, kowa na murna, shi ya koma bayan gida shina amai. A tambayi matatai. A'a, kada a tambaye ta, tela za ta ce.”

Mamman ya koma ya zauna. Ba abin da zai iya, taubashiyarsa ce shi ma, kuma wanda ya yi fushi da taubashi shi ake yi wa dariya har jikokinsa. Ya yi wata dariya ta dole ya ce, “Wasa na, madam. Taubasai.”

“Na sani,” in ji Madam Lailatu. “Ni ma ina da nawa, sun fi wannan baki. Maganar taubashi ba a rubuta ta a dosiye.”

Amma ba ta rufe biron ba. Ta zuba wa Abdurrazak ido.

“Malam, an yi maka wannan duka a gaban baƙuwa. Ba ka ramawa?”



“Bai ramawa,” in ji Balkisa. Muryarta ba ta sake ba, sai dai ta kwance ɗaurin zanenta ta sake ɗaurawa ba dalili. “Tun ranar bai rama ba. Godiya shika yi min. Ni na yi kama da wadda aka yi ma godiya?”

“To ni ga abin da zan tambaya,” in ji likitar. “Cikin abin da ta faɗa, wanne ne ƙarya? Ka ce duka, in rufe takarda in tafi.”

Ƙofa ce aka buɗe masa, kowa ya gani. Kalma ɗaya, sunan gidansu ya tsira, gobe a ɗaura masa igiya. Mamman har ya fara gyaɗa kai yana taya shi.

Abdurrazak bai dubi likitar ba. Balkisa ya duba.

“Kin yi ƙarya, Balki.”

“A ina?”

“Wajen randa. Randa ba ta yi min komi ba.”

“To mi ka hana ka ɗiban ruwa, sarauta?”

“Bakinta na.” Ya ciro hannu ɗaya daga ƙarƙashin cinya, ya zana da'ira a iska. “Ke ba ki taɓa shiga ba, tuya kika sani. In kana ƙasa ka ɗaga kai, bakin rijiya bai hi faifai ba. Shi kaɗai na haske. Ranar, rairayi ya kama ni har nan, ba ni iya juya wuya, faifan ga kaɗai nika gani. To duk wanda yaz zo shi leƙo shi ga ko ina da rai, sai kainai shi ruhe shi. Su suna leƙowa don suna so na. Ni kuma ina son in ce ku gusa, ba iska a ƙirjina. Wuni guda ana ruhe min shi ana buɗewa.” Ya sauke hannun. “In na duƙa bisa randa, kaina ka ruhe hasken ruwan. Sai in ji akwai wani a ƙasa.”

Ba wanda ya yi motsi. Akuyar gidan ma ta bar tuƙa.

“To na ji na randa,” in ji Balkisa, kamar mai ciniki. “Rumbu fa? Shi ma da wani a ciki?”

Ya ba ta amsar rumbu. Ta ce riga fa. Ya ba ta ta riga, ya ce ɗan lokacin nan da kai ke cikin tufa kafin ya fito, shi a wurinsa ba ɗan lokaci ba ne. Ta ce maƙabarta fa, ya ce ƙarar ƙasa in ta zuba. Ta ce ai ita ta ji an ce yana ihu cikin barci kamar ɗan akuya, ya ce ƙarya ne, ba ya ihu, ihun ne ba ya fita, shi ya sa yake tashi. Haka suka yi ta yi, ita tana jifa yana gyara mata, kamar masu gardamar kan iyakar gona. Basiratu ta juya baya tana gyara murhun da ba wuta. Biron likitar na tafiya a hankali, ba ta ɗaga kai ba, ba ta sa baki ba.

Da suka lafa, Madam Lailatu ta ce, “Malam Abdurrazak, abin da ka gaya wa taubashiyarka na ji shi. Amma ba ni aka gaya wa ba. In sa shi da sunanka, ko in yage?”

Abdurrazak ya dubi wansa.

Mamman ya daɗe yana kallon bakin rumbu. Sannan ya dubi rana, ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga.

“Ni ban ji komi ba,” ya ce. “Wasan taubasai na, babba bai sa baki. Bari in je in ga ko kasuwa ta rage.”

Ya fita. A zaure na ji ya tsaya yana fyace hanci, ya daɗe, ko da yake ba mura yake ba.

“Rubuta, madam,” in ji Abdurrazak.

Balkisa ta ɗauki tirenta, ta zube wa likitar farimasa a takarda ta ce ta kai wa yara. Likitar ta karɓa da godiya. Ba ta san abin da ta karɓa ba.

Litinin ta zo, motar shantiye ta tafi Damana ba da shi ba. Dosiye kuwa ya yi tafiyarsa irin ta dosiye, ya je Yamai ya kwanta, aka ce a kawo wata takarda, aka kai, aka ce ba ita ba. Gidan sun ci wake da yawa a watannin nan, wani ma daga wajena ya bi ta danga. Daga baya kuɗin ya fito. Ba wani abin kirki ba ne, amma ya riƙe gida. Aka sa masa ranakun zuwa Yamai yana zama da likitar suna magana. Mamman na gaya wa mutanen kasuwa taro ake kiran ƙanensa, kuma gwamnati ta ba shi kuɗin jarumta, kamar yadda ya faɗa tun farko.

Da sanyi ya fara sauka Nasiru ya zo ya ɗauke shi. Farko kwaɓa siminti kawai yake, nesa da rami, ya ba shi baya. Albashin sama bai kai na ƙasa ba, ya sani, ya karɓa. Sannu-sannu ya matso wajen kura. Aka ce ya kafa doka a shantiyen, in mutum na ƙasa ba mai leƙa bakin rijiya, ko shef ne, ko maigari. Mai son magana da na ƙasa ya tsaya gefe ya ɗaga murya. Ya kuma samo wani tsohon madubin mota, yana tsayawa daga gefe yana karkata shi, rana ta bugi madubin ta sauka har gindin rami. Na ƙasan na yanzu ya ce shi bai taɓa ganin abin da yake ginawa da kyau haka ba.

Da aikin ya matso kusa da gari, wata rana Balkisa ta ɗauki tire ta ce in raka ta, wai ma'aikata na sayen farimasa. Muka same shi tsaye da madubi a hannu, rigarsa da tsagarta har yanzu.

“Kai jama'a,” in ji Balkisa, yadda kowa zai ji. “Gahiya ta bar rami ta koma kallon madubi. Sai kwalli ya rage, mu kai ta ɗaki.”

Bai juyo ba, hannunsa na kan madubin.

“Shef,” ya ce, “a bar zuba zobe yau. Ga uwar duwatsu ta kawo. A jera nata, wanga rijiya ba ta ƙara ruftawa har tashin duniya.”

Ma'aikata suka fashe da dariya, har na ƙasa muka ji muryarsa na tambaya me aka ce. Balkisa ta ce Allah ya isa, ba ta sayar wa kowa, ta sayar musu duka, muka kamo hanya.

Muka yi nisa. Can ta gyara tire a kai ta ce, “Kin ji mara kunya ko, inna?”

Na ce na ji.

Rumbu kuwa har yau Basiratu ke hawa, shi yana riƙe tsani. Sai dai yanzu yana kallon sama, yana ce mata ta bar bakin a buɗe.